BABI NA UKU: TASIRIN TAFIYE-TAFIYE A ZANE-ZANEN J. M. W. TURNER

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar zanen yanayin ƙasa, wato irin zanen da ke nuna tsaunuka da koguna da teku da sararin samaniya, inda ɗan Adam ba shi ne kan gaba a cikin hoton ba. A wannan babi kuwa za a ɗauki mai zane guda ɗaya, wato Joseph Mallord William Turner, mutumin Ingila, a dubi rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, sa'an nan a feɗe biyar daga cikin zane-zanensa ta fuskar jigo da salo, kamar yadda aka saba yi wa rubutacciyar waƙa. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mutumin da ya shafe fiye da shekara 50 yana yawo domin ya ga ƙasa da idonsa, me ya sa hotunansa ba su cika yin daidai da wuraren da ya gani ba? Wannan sauya kamanni da yake yi, a ina ya yi masa amfani, a ina kuma ya jawo masa abin zargi?

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Rayuwarsa

An haifi Turner a shekarar 1775 a unguwar Covent Garden cikin birnin Landan. Mahaifinsa mai aski ne, kuma yana haɗawa da sana'ar yin hular gashi irin wadda manyan Turawa ke sawa a wancan zamani. Tun yaron yana ƙarami mahaifin ya lura da baiwarsa, har ya riƙa rataya zane-zanensa a shagon aski yana sayar wa masu zuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi fama da taɓin hankali, aka kwantar da ita a asibiti, a can ta rasu cikin 1804. Daga baya mahaifin ya bar aski ya koma taimakon ɗansa wajen shirya ƙyallen zane da haɗa fenti, har zuwa rasuwarsa a 1829.

A shekarar 1789, yana ɗan shekara 14, Turner ya shiga makarantar Ƙungiyar Masu Zane ta Sarauta, wadda ita ce babbar cibiyar wannan fasaha a Ingila. Shekara ɗaya bayan haka aka baje zanensa na farko na fentin ruwa a taron baje kolin ƙungiyar, sa'an nan a 1796 ya fito da zanensa na farko na fentin mai, wanda ke nuna masunta cikin teku da dare a hasken farin wata. Ya zama cikakken ɗan ƙungiyar a 1802, kuma daga 1807 zuwa 1837 shi ne malamin da ke koyar da ilimin nuna nisa da kusa a zane. Ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1851, a unguwar Chelsea, aka binne shi a babbar majami'ar St Paul. Abin da ya bari a ɗakin aikinsa, wanda ya koma hannun hukumar ƙasarsa a 1856, ya kai kimanin zane 300 na fentin mai da kimanin zayyana 30,000 a kan takarda. Mafi yawansu suna gidan adana zane-zane na Tate a Landan.

3.2 Tafiye-tafiyensa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma da wuya a sami mai zanen da ya ɗauki wannan magana da nauyi kamar Turner. Tun daga 1791 ya tsara shekararsa gida biyu: lokacin zafi yana kan hanya, lokacin sanyi yana ɗakin aiki. Ya fara da ƙasarsa, inda ya zagaya yankin Wales sau da dama, ya shiga arewacin Ingila a 1797, ya kai Sikotilan a 1801. A wancan lokaci yaƙi tsakanin Ingila da Faransa ya rufe hanyar ƙetare. Da aka ƙulla wata gajeriyar sulhu a 1802, nan da nan ya haye teku, ya bi ta Faransa ya shiga Suwizalan, ya ga manyan tsaunukan Alps, sa'an nan ya tsaya a Faris ya yi nazarin ayyukan magabata a gidan tarihi na Louvre. Yaƙi ya sake ɓarkewa, bai ƙara fita ba sai 1817, lokacin da ya ziyarci filin yaƙin Waterloo ya kuma bi gaɓar kogin Rhine. A 1819 ya tafi Italiya, ya ga Roma da Naples da birnin Benis mai hanyoyin ruwa. Ya koma Benis a 1833 da 1840, ya riƙa zuwa Suwizalan kowace shekara daga 1841 zuwa 1844, tafiyarsa ta ƙarshe zuwa ƙetare kuwa ita ce ta arewacin Faransa a 1845, yana da shekara 70.

Domin a fahimci muhimmancin wannan yawo, ya kamata a kwatanta shi da takwaransa John Constable, wanda aka haifa a 1776. Constable bai taɓa barin Ingila ba. Ya tsaya a kan kwarin da aka haife shi, yana zana injin niƙa da kogi da gizagizan da ya sani tun yana yaro. Shi ilimin zaman wuri ɗaya ya nema, Turner kuwa ilimin kwatanta wuri da wuri. Saboda ya ga hazon Landan, ya ga ƙanƙarar Alps, ya ga hasken Italiya, sai ya gane cewa abin da ke bambanta wuri da wuri a idon mai kallo shi ne iska da haske, fiye da surar dutse ko ta gini. Wannan fahimta ita ce tushen salonsa.

3.3 Daga Hanya Zuwa Ɗakin Aiki

Abin lura shi ne, Turner bai cika shafa launi a wurin da yake kallo ba. Yakan tafi ne da ƙaramin littafi da fensir a aljihu, ya zayyana gefen tsauni ko bakin kogi cikin hanzari, wani lokaci daga cikin keken doki ko kwalekwale, ya rubuta kalma ɗaya ko biyu game da launin da ya gani. An ruwaito cewa a tafiyarsa ta Italiya ya bayyana dalilinsa, cewa a lokacin da zai ɓata wajen shafa launi a zane ɗaya, zai iya yin zayyana 15 ko 16 da fensir. Launin sai ya koma gida, bayan watanni ko shekaru, ya fito da shi daga ƙwaƙwalwarsa.

Wannan hanya ta aiki ita ce amsar rabin tambayar da aka yi a gabatarwa. Abin da ido ya gani yakan shiga ƙwaƙwalwa ya cakuɗa da abin da aka gani a wani wuri dabam, ƙananan abubuwa su zube, abin da ya taɓa zuciya ya rage. Misali, duk zamansa a Benis cikin ziyara uku bai wuce kimanin mako huɗu ba, amma ya yi shekaru yana zana birnin, yana faɗaɗa mashigin ruwa, yana matso da gini kusa da gini yadda zai dace da tsarin hotonsa. Ke nan tafiya ta ba shi kayan aiki ne, hoton kuwa a ɗaki ake ƙera shi.

3.4 Nazarin Wasu Zane-zane

3.4.1 Hannibal da Rundunarsa Suna Ƙetare Alps (1812)

Hannibal sarkin yaƙin birnin Carthage ne, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya ƙetare tsaunukan Alps da runduna da giwaye a shekara ta 218 kafin Miladiyya domin ya yaƙi Rumawa. Bisa al'adar masu zanen tarihi, jarumi ne ake sawa a tsakiyar hoto. Turner ya saɓa wa wannan al'ada. Abin da ya cika hoton shi ne wani baƙin hadari da ya lanƙwaso kamar bakin rijiya yana shirin haɗiye rana, ranar kuma ta dushe ta zama kamar tsohon kwabo. Sojojin suna can ƙasa a warwatse, mutanen tsauni suna far wa na baya, giwar kuwa sai an ƙura ido ake hango ta daga nesa.

Tsaunukan sun fito ne daga tafiyarsa ta 1802, amma hadarin, bisa ruwayar iyalan abokinsa Walter Fawkes, a yankin Yorkshire na Ingila ya gan shi cikin 1810. Wato an haɗa ƙasar wani wuri da samaniyar wani wuri. A nan haɗin ya yi amfani, domin jigon hoton shi ne ƙanƙantar mai girman kai a gaban ikon da ya fi ƙarfinsa. Masu kallo na wancan lokaci ba za su kasa tuna Nafoliyon ba, wanda shi ma ya ƙetare Alps da runduna a 1800. Turner ya dage sai an rataya hoton ƙasa-ƙasa daidai idon mai kallo, domin mutum ya ji kamar guguwar tana jan sa ciki.

3.4.2 Jirgin Yaƙi Temeraire (1839)

Temeraire babban jirgin yaƙi ne mai igwa 98 wanda ya yi suna a yaƙin Trafalgar na 1805. A watan Satumba na 1838 aka jawo shi cikin kogin Temis zuwa Rotherhithe domin a farfasa shi a sayar da katakonsa. A cikin hoton ana ganin tsohon jirgin fari fat kamar fatalwa, wani ƙaramin baƙin jirgi mai injin tururi yana jan sa yana fesa hayaƙi, a ɗaya gefen kuma rana tana faɗuwa ta rina ruwa da ja.

Idan aka auna hoton da ma'aunin tarihi za a sami kurakurai. Kafin a jawo jirgin an riga an cire dogayen sandunan da ake ɗaura ƙyallen kama iska, amma Turner ya mayar masa da su. Haka kuma jirgin yamma ya nufa, saboda haka ranar da ke bayansa a gabas take, inda rana ba ta faɗuwa. Sai dai waɗannan ba kurakuran jahilci ba ne, domin mutumin da ya tashi a bakin Temis ya san gabas da yamma. Jirgi marar sanduna gungume ne kawai, ba zai tuna wa kowa da zamanin ƙarfinsa ba. Faɗuwar rana kuma ita ce ke faɗin abin da hoton ke son faɗi, wato ƙarewar zamanin jiragen iska da shigowar zamanin inji. Wannan daidai yake da abin da mawaƙi ke yi idan ya yi amfani da kambamawa ko siffantawa. Turner ya ƙi sayar da wannan hoto har ya rasu, kuma a shekarar 2020 an buga shi tare da fuskarsa a takardar kuɗin Ingila ta fam 20.

3.4.3 Jirgin Ruwa Cikin Guguwa (1842) da Jirgin Ƙasa Cikin Ruwan Sama (1844)

A waɗannan hotuna biyu salon Turner ya kai maƙura. A na farko, wani jirgi mai tururi ne a bakin tashar ruwa, dusar ƙanƙara da hayaƙi da raƙuman ruwa sun naɗe shi suna juyawa, har ba a iya raba sama da teku. An yaɗa labarin cewa Turner ya sa matuƙa sun ɗaure shi a jikin sandar jirgi na tsawon awa huɗu domin ya ga guguwar da idonsa. Masana tarihi ba su sami shaidar da ta tabbatar da labarin ba, kuma a lokacin ya haura shekara 65. Ko da labarin ƙagagge ne, yana nuna abin da mai zanen ke so a fahimta, wato hoton mutumin da ke cikin guguwa ne, wanda ruwa ke dukan fuskarsa, saɓanin mai kallo daga tudu. Masu sharhi na jaridu ba su karɓe shi ba, har wani ya kwatanta shi da kumfar sabulu da farar ƙasa.

A na biyu, jirgin ƙasa ne ke tahowa a guje a kan wata gada, wadda aka fi ɗauka ita ce gadar Maidenhead da injiniya Brunel ya gina a kan Temis. Komai ya narke cikin ruwan sama, in ban da baƙin bututun hayaƙin jirgin. A gefe ɗaya akwai ƙaramin kwalekwale da tsohuwar gada, a ɗaya gefen manomi da garmarsa, a gaban jirgin kuma zomo yana gudu a kan hanya. An jera gudun halitta da gudun inji ba tare da an yanke hukunci ba. Mutumin da ya fara yawo da ƙafa da keken doki ya rayu har ya ga jirgin ƙasa, kuma ya shigar da shi cikin yanayin ƙasa kamar yadda ya shigar da hadari.

3.4.4 Jirgin Bayi (1840)

An jinkirta wannan hoto zuwa ƙarshe ne saboda a kansa ne salon Turner ya fi fuskantar jarrabawa. Hoton na nuna jirgi yana tafiya cikin teku mai tafasa, guguwa na tahowa, sama ta yi ja kamar gobara. A gaba-gaba kuwa, cikin ruwa, ana ganin hannuwa da sarƙoƙi da ƙafar wani mutum da mari a jikinta, kifaye da tsuntsaye sun yi musu caa. Masu nazari da yawa suna danganta shi da abin da ya faru a jirgin Zong cikin 1781. Wannan jirgi ya ɗebi mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta wajen Ankara a Gana ta yau, ya nufi Jamaika, a hanya matuƙansa suka jefa fiye da mutum 130 cikin teku da ransu, sa'an nan masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su diyyar hasarar kaya. An baje hoton ne a shekarar da aka yi babban taron yaƙi da bauta na duniya a Landan.

Turner bai taɓa zuwa Afirka ba, bai kuma taɓa ƙetare tekun Atilantika ba. Wannan shi ne hoto ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da tafiya ba ta ba shi komai game da mutanen da ke cikinsa ba. Tekun ya san ta, faɗuwar rana ya san ta, amma waɗanda ake jefawa bai san fuskarsu ba, kuma hoton bai ba su fuska ba. Gaɓoɓi ne kawai a warwatse. Ana iya kare shi da cewa haka cinikin bayi ya mayar da mutane, kuma jan da ke sama fushi ne da ke shirin sauka a kan jirgin. Wannan kariya tana da ƙarfi. Amma akwai shaidar da ke nuna haɗarin salon. John Ruskin, wanda ya fi kowa kare Turner a littafinsa na 1843, kuma wanda ya mallaki hoton na tsawon shekaru, ya yi dogon yabo ga launin teku da sama, maganar bayin da ake jefawa kuwa sai ya sauko da ita ƙasan shafi cikin gajeren bayani. Idan babban masoyin hoto ya shagala da kyan ruwa har mutanen da ke nutsewa suka koma ƙasan shafi, to dole a ce kyan ya yi yawa. Wannan ne ya sa marubuci David Dabydeen, ɗan ƙasar Guyana, ya wallafa doguwar waƙa a 1994 inda ya ba wa wanda ke nutsewa a hoton murya. Bugu da ƙari, bincike ya gano cewa a 1805 Turner ya zuba fam 100 a wata gona a Jamaika wadda aka shirya sayen bayi su yi aiki a cikinta. Wannan bai soke darajar hoton ba, amma ya isa ya hana a ɗauki mai zanen a matsayin wanda hannunsa bai taɓa lamarin ba.

3.5 Ƙarfi da Raunin Salonsa

Daga abin da aka gani, ana iya fitar da siffofin salon Turner guda uku. Na farko, yakan gina hoto a kan juyawa kamar ta guguwa, maimakon shimfiɗa shi hawa-hawa daga gaba zuwa baya. Na biyu, yakan fara da farin ƙyalle ya ɗora launuka masu haske, musamman rawaya, dabarar da ya ɗauko daga fentin ruwa ya kai ta fentin mai. Na uku, yakan sa rana ta fuskanci mai kallo kai tsaye, yadda gefen abubuwa zai narke. Masu zanen Faransa irin su Monet da Pissarro sun ga ayyukansa a lokacin da suka yi gudun hijira zuwa Landan a 1870.

Rauninsa kuwa a wajen zana mutum yake. Mutanensa sukan fito kamar 'yan tsana, ba su da ƙashi, ba su da hali. A hoton Hannibal wannan rauni ya zama alheri, tun da ƙanƙantar mutum ake son nunawa. A Jirgin Bayi kuwa ya zama naƙasu, domin a can darajar mutum ce abin magana. Har ila yau, ya yi amfani da wasu launuka masu saurin koɗewa, musamman ja, saboda haka wasu hotunansa a yau ba su da armashin da masu kallon farko suka gani.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Turner ya yi yawo ne domin ya tara sanin haske da iska da ruwa, sa'an nan ya koma ɗaki ya sarrafa su yadda za su ɗauki jigon da yake so. An ga cewa sauya kamannin wuri ya yi masa amfani a duk inda ya san abin da yake sauyawa, kamar tsaunukan Alps da kogin Temis da guguwar teku. An kuma ga cewa a inda jigon ya koma kan mutanen da bai taɓa gani ba, salon da ya ɗaukaka shi ya kusa rufe abin da ya kamata ya bayyana. A babi na gaba za a dubi yadda masu zanen da suka biyo bayansa suka ɗauki wannan salo, da abin da suka ƙara a kansa.